Mawaƙa Sun Yi Yawa, Makaɗa Sun Ƙare

Bara da sanyi muka aurar da autarmu a nan Jos. Wanda ya san Disambar garin nan ya san yadda ake biki a cikinta: mata sun sha ado, amma kowacce da rigar sanyi a ƙarƙashin mayafi. An kama zauren biki ta wajen Bauchi Road, abokan ango suka ɗauko wani mawaƙi mai tashe, kuɗin da aka ba shi kuwa sai da ya jawo 'yar muhawara a tsakaninsu. Ya shigo da yaransa shida, babu wanda ya riƙo ko gwangwani. Aikinsu ɗaukar bidiyo da waya da tsince kuɗin liƙi. Ya miƙa wa mai saka kiɗa filashi, sauti ya tashi, mata suka cika fili. Ana tsakiyar waƙa ta uku janareta ya yi tari sau biyu ya mutu.

Kiɗa ya ɗauke, murya ma ta ɗauke, domin ashe ita ma daga cikin filashin take fitowa. Mawaƙin ya tsaya da makirufo a hannu kamar yaron da aka aika ya manta saƙo.

Dangin ango mahauta ne, kuma kowa ya san kalangu kiɗan mahauta ne tun kaka da kakanni. Wani dattijo ya biyo su da kalangunsa a saɓe, masu tsaron ƙofa suka hana shi shiga, ya samu gefen katanga ya zauna. Da shirun ya yi yawa, wata goggon ango ta ce a kira shi. Ya shigo ba lasifika ba komai, ya matse kalangu a hammata, ya fara kiran taken gidan mijin da baki da makaɗi. Tsofaffin da tun la'asar suke zaune suna kallon jikokinsu suka miƙe. Minti ashirin ya riƙe zauren nan shi kaɗai. Da aka gyara janareta, wani ya danƙa masa 'yan canji ya nuna masa ƙofa, mai filashi ya ci gaba daga inda na'ura ta tsaya.

Tun daga ranar nake da maganar da zan faɗa, kuma na san wasu ba za ta yi musu daɗi ba. Mu Hausawa mun tara mawaƙa fiye da kowane zamani, amma mun bar makaɗa suna ƙarewa a gabanmu. Ba na'ura nake zargi ba. Mu ne muka daina koyarwa, muka daina biya, muka kuma ci gaba da raina mai kiɗa alhali ba ma iya biki sai da kiɗa.

Garin nan ya ishe mu darasi, saboda babu garin da ya kai Jos bakin alfahari da mawaƙa. Ka zauna a teburin mai shayi a Gangare ko Dilimi a ambaci P-Square, nan take wani zai ce ai 'yan Jos ne. Gaskiya ne. A nan aka haifi tagwayen Peter da Paul Okoye a 1981, iyayensu 'yan Anambra, a St. Murumba suka yi sakandare, can suka fara da kwaikwayon rawar Michael Jackson, suka wuce Jami'ar Abuja, suka ci wata gasar waƙa a 2001, kundinsu na farko ya fito a 2003. A nan aka haifi 2Baba a 1975. A nan aka haifi M.I, wato Jude Abaga, shi ma a 1981, da ƙanensa Jesse Jagz. Ice Prince a Minna aka haife shi, amma Jos ce ta raine shi, kuma a 2013 ya ɗauko kyautar BET daga Amurka. Kamfanin Chocolate City da ya fito da M.I da Jesse Jagz da Ice Prince, lauya Audu Maikori wanda ya yi karatu a Jami'ar Jos ne ya kafa shi da abokan tafiyarsa a 2005. Kuza ce ta tara jama'a daga wurare daban-daban a kan dutsen nan, shi ya sa yawancinsu ka yi musu Hausa su mayar maka ba gargada.

Abin da masu alfaharin ba sa tsayawa su tambaya shi ne a ina waɗannan suka koyi sana'ar. Ka bi tarihin mafi yawansu, za ka ga ya bi ta ƙofar coci. 'Yan gidan Abaga a gidan wa'azi da waƙar bishara suka tashi, Jesse tun yana ƙarami yake kaɗa ganga a coci. Jeremiah Gyang, wanda waƙarsa ta Hausa “Na Ba Ka” ta karaɗe gidajen rediyo har Legas, ɗan limamin coci ne, da jita da fiyano ya girma. Panam Percy Paul ya daɗe da kafa makarantar koyon kiɗa a garin nan. Ga hedikwatar cocin COCIN da ta ECWA duk a Jos. Yaron da ya tashi a wannan yanayi yana ganin kayan kiɗa kowane mako, yana da wurin gwaji kyauta, yana da babba da zai ce masa ya yi sauri ko ya sauka daga layi, yana da jama'ar da zai yi kuskure a gabansu tun yana shekara goma. Ko matan Zumunta na coci da tulunansu da cakinsu, ranar gwaji gare su ta musamman. Kafin yaro ya ga situdiyo, ya yi shekara goma yana kiɗa da hannunsa.

Ba ina cewa mu kai 'ya'yanmu coci ba, kada wani ya yanke maganar ya yaɗa. Ina cewa ne mu ma muna da tamu makarantar, kuma ta fi wannan tsufa. Sunanta gidan kiɗa.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo bai wayi gari ya zama Ɗanƙwairo ba. Gado ya yi, ya yi amshi a bayan yayansa shekara da shekaru kafin ya ja nasa ayarin na masu kotso. Shata bai gada ba, mahaifinsa ma bai so ba, amma bai taɓa tafiya shi kaɗai ba: ga masu kalangu, ga 'yan amshi, ga sanƙira, kowa da matsayinsa, kowa da rabonsa idan an dawo masauki. Barmani Choge da matanta masu ƙwarya haka. Abin da Turawa ke kira ban, mu mun daɗe da shi, kuma shi ne ajin karatun. Yaro ya fara da ɗaukar kaya, a ba shi kuntukuru, ya iya, a ba shi kalangu, ya iya amshi, wata rana maigida ya yi mura a ce ya ja baiti ɗaya. Ko Ɗan Maraya namu, Adamu Wayya na Bukuru, da yake tafe shi kaɗai da kuntigi, ɗan makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, kuma a gidan sarkin ya tashi bayan rasuwar iyayensa. Gwangwanin kifi da fatar akuya da tsirkiya ɗaya, da su ya zagaya duniya, da su ya yi wa karen mota waƙa a lokacin da kowa ke wasa masu rawani. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a watan Yunin 2015. Ina roƙon mai karatu ya ambaci matashi ɗaya ɗan ƙasa da shekara talatin a Jos da ya san yana kaɗa kuntigi. Ni na bincika a unguwanni uku, na gaji.

Yadda makarantar ta rushe ba sirri ba ne. Daga ƙarshen shekarun 1990 finafinan Hausa suka buƙaci waƙoƙi da yawa, cikin sauri, cikin araha. Fiyano ɗaya a ɗaki ɗaya ya maye gurbin mutum goma. Aka samu abin da muke kira nanaye, aka samu sabon tsarin sana'a: ka rubuta baitocinka a littafi, ka tara kuɗin situdiyo, mai kiɗa ya haɗa maka sauti, a gyara muryar da kwamfuta, 'yan dawunlodin su tura wa mutane a waya, yanzu kuma YouTube da TikTok da Audiomack. Idan Allah ya sa ta shiga, sai gayyatar biki ta fara zuwa.

Zan yi adalci, domin wannan tsari ya yi alherin da gidan kiɗa bai yi ba. Ya buɗe ƙofa ga wanda bai gada ba. Ɗan tela da ɗan malami da ɗan kasuwa duk suka shigo, mata ma suka samu wuri. Kuma ya fito da marubuta na gaske. Wanda ya saurari Aminu Ala ko Nura M. Inuwa ya san cewa ta fuskar zaɓen kalma da saƙa ma'ana ba mu da abin jin kunya a gaban kowa. Lokacin kullen korona a 2020, waƙar Hamisu Breaker guda ɗaya ta shiga kusan kowane gidan Bahaushe daga Kano har Agadas. Ba ƙaramin abu ba ne. Ni kaina ina da su cike da waya, kuma idan ina tuƙi zuwa Abuja su ne abokan hirata tun daga Mararrabar Jama'a har Keffi.

Amma a duba wanda ya ɓace a cikin wannan tsari. Mai kiɗan situdiyo, wanda shi ne ya gina rabin waƙar, an biya shi kuɗin zama ɗaya an sallame shi. Wani lokaci a ambaci sunansa a ƙarshen waƙa, wani lokaci ko wannan babu. Mawaƙi ya hau mota, ya samu sarauta a fada, ya yi hoto da gwamna. Shi kuwa yana nan a ɗaki mai soso a bango yana jiran wuta. Wane uba ne zai ga haka ya ce ɗansa ya koyi kiɗa? Kowane yaro mawaƙi yake son zama, babu mai son zama makaɗi, kuma lissafinsu daidai ne.

Sakamakon shi ne sana'ar da ba ta da ƙafa. Mawaƙinmu na zamani hanyoyin cinsa ba su wuce biki da siyasa da ɗan abin da intanet ke kawowa ba. Siyasa tana biya, kowa ya ga yadda Dauda Kahutu Rarara ya ɗaukaka tun zaɓen 2015, kuma wasa masu mulki ba sabon abu ba ne a waƙar Hausa. Sai dai kasuwa ce mai ci shekara huɗu-huɗu, mutum nawa za ta ɗauka, kuma ranar da ubangida ya faɗi fa? Akwai wata kasuwa ta huɗu, ta manyan bukukuwan kiɗa na duniya, inda ake sayen tikiti don a ga mutum yana yin abin da hannunsa. Wannan kasuwa ba ta karɓar filashi.

Ga maƙwabtanmu a Nijar. Musulmi ne kamar mu, da yawansu Hausa suke yi kamar mu, kuma ba su fi mu arziki ba. Ƙungiyar Tal National ta Yamai tana waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, jagoranta ya yi aikin alƙali a kotu, kuma sun yi ta zagaya Amurka da Turai. Bombino ɗan Agadas ya shiga jerin 'yan takarar Grammy a 2019. Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Mdou Moctar. Iyayensa ba su so kiɗa ba, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Kundinsa na farko a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar nan tamu ta nanaye, ya kuma yaɗu ta wayoyin mutane kamar yadda namu ke yaɗuwa. Wato daga situdiyonmu ya bi. Bambancin shi ne yana da abin kaɗawa a hannu, kuma ya tara mutane suna gwaji tare. Yau manyan dandamalin duniya yake hawa. Namu da suka fi shi masu saurare nesa ba kusa ba, idan sun fita waje, yawanci bikin 'yan uwanmu mazauna can ne ya kai su.

Na san amsar da ke bakin wasu: addini. Ba zan shiga fagen fatawa ba, ba nawa ba ne. A garin nan aka kafa Izala a 1978, kuma na tashi cikin mutanen da ba sa sauraron kiɗa ko kaɗan, ba sa kai shi bikinsu, ba sa barin sa a wayarsu. Waɗannan ina girmama su, domin maganarsu da aikinsu ɗaya ne. Rigimata da sauranmu ce, mu masu rinjaye, da muke kama zaure mu yi liƙi har aljihu ya huje, sannan idan makaɗi ya zo neman auren 'yarmu mu ce a binciki asali. Wannan ba fiƙihu ba ne. Tsohon rainin nan ne da ake yi wa maroƙi da makaɗi, wanda ya girmi kowace ƙungiyar addini da muke da ita. Abin da fiyano ya yi mana shi ne ya ba mu damar shan romon ba tare da mun ga mahaucin ba.

Kuma a dubi Yarabawa Musulmi. Kiɗan fuji daga waƙar tashin mutane sahur ya samo asali. Sikiru Ayinde Barrister da Wasiu Ayinde duk alhazai ne. Da zamani ya zo musu da fiyano da jita, ba su kori masu gangar hammata ba, sai suka ƙara kujeru. Har gobe mai fuji ba ya hawa dandamali sai da rundunar makaɗa, kowannensu yana ci da iyalinsa daga nan. Gangar tasu da kalangunmu 'yan uwan juna ne. Tasu tana Landan tana karɓar fam, namu yana bakin katanga masu gadi sun hana shi shiga.

Akwai kuma wani ciwo da ya keɓanta da Jos. Lokacin da nake firamare, gidan da ke jikin namu na wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Kirista, ɗansa yana da tsohuwar jita mai tsirkiya huɗu. A dakalinsu na fara taɓa ta, shi kuma a zaurenmu ya koyi cin tuwo da miyar kuka. Daga rikicin Satumbar 2001, sai na 2008, sai na 2010, garin ya rabe. Kowa ya tattara ya koma cikin nasa. Yaron Unguwar Rogo ko Rikkos na yau zai iya gama sakandare bai taɓa zama ɗaki ɗaya da mai kaɗa jita ba, yaron Tudun Wada ko Jenta kuma bai taɓa jin ana kiran take da kalangu ba. Cakuɗar da ta haifi waɗancan mawaƙa da muke alfahari da su ita ce muka rasa. Su ma ɗin, kusan dukkansu sai da suka tattara suka tafi Legas kafin duniya ta san su, amma wannan wata magana ce.

Abin da nake nema ba ya buƙatar gwamnati ko kwamiti. Mawaƙan da Allah ya buɗa musu, waɗanda ke tafe da zugar yara masu ɗaukar bidiyo, su mayar da huɗu daga cikinsu makaɗa, su biya su albashi, su riƙa gwaji. Akwai 'yan ƙalilan da suka fara shigo da kalangu da kotso da gurmi na gaske cikin aikinsu, kuma kunne yana jin bambanci. A rubuta sunan mai kiɗa a kan kowace waƙa, a ba shi kaso, ba sallama ba. An sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, amma doka ba ta bin wanda bai rubuta yarjejeniya ba. Mu kuma masu biki, mu da kuɗin ke fita daga aljihunmu, mu fara tambaya kafin mu biya: da bakinka za ka yi, ko da filashi? Ranar da iyayen amare goma suka yi wannan tambaya a jere, za a ga an fara neman makaɗa ruwa a jallo.

Za a ce tsada. Haka ne, mutum biyar sun fi filashi tsada. Amma na ga abin da aka kashe a kan furannin roba da hayaƙin da ake busa wa amarya a bikinmu, don haka kada a yi mini wannan maganar.

Ɗan yayana yana aji biyar a sakandare. Kunne gare shi, duk abin da ya ji sau ɗaya zai kaɗa maka shi a kan bokiti. Bayan bikin ya same ni ya ce, “Baffa, tsohon nan da ya yi kiɗa, a ina yake?” Na bi ta wajen surukanmu na samo shi a wani lungu kusa da 'Yan Shanu. Na gaishe shi, na ce, “Baba, cikin yaranka wa ka koya wa?” Ya yi dariya ya ce babban yana tuƙa Keke Napep, ƙaramin yana gyaran waya ta wajen Taminus, kuma shi da kansa ya hana su, don bai ga abin da ta tsinana masa ba. Na ce akwai yaron da ke so. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in fara sayo fata da tsarkiya, kalangu na biyun da yake da shi ya shekara uku a rataye.

Sai da na yi sati biyu ina zarya kafin na iya tunkarar mahaifin yaron. Na ce, “Yaya, karatunsa ba zai taɓu ba, Asabar ce kawai.” Ya ce, “Kai dai ba ka rabuwa da jaye-jaye. A ce ɗana makaɗi?” Na tuna masa cewa shi ya fi kowa liƙi a daren nan, har sai da matarsa ta riƙe masa hannu. Bai yi dariya ba, amma bayan sallar isha'i ya aiko a ce mini ya yarda.

Na sayo fatar. Asabar mai zuwa za mu je. Abin da ban warware ba tukuna shi ne inda za su zauna su yi, tunda sharaɗin Yaya shi ne kada kowa ya ji a unguwa.